Inuwa Tamu, Malami na Gwamnati

Tun da na dawo daga ƙetaren iyaka bakin shagona bai huta ba. Wanda ya kawo ɗinki da wanda inuwa kawai ta kawo shi, kowa tambayarsa ɗaya: "Tela, mi kag gano Nijar da yas sa kad dawo kana tara kara kamar mai shirin ginin rumbu?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Jiya ma wani ya rantse wai sarauta aka naɗa ni a can. To ga shi na zauna na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, ni in ci gaba da taka kekena.

Dole in fara da abin da na bari a gida, don in ba shi ba, da abin da na gani can bai taɓa ni ba. Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Tsamaye. Muna da firamare ta bulo da siminti, wadda muke nuna wa baƙi da ɗan yatsa tun daga nesa. Ni ne shugaban kwamitinta, ba don na fi kowa ba. Maigari ne ya nuna ni da sanda wata Juma'a a ƙofar masallaci, ya ce tunda ni ke ɗinka kayan 'yan makaranta ai na san yara, shi ke nan magana ta ƙare. Iskar farkon daminar bara ta kwashe kwanon rufin makarantar ta zubar a gonar mutane. Muka tara kafintoci za mu mayar, sai jami'in da ke zagaya makarantu ya iso a kan babur ya ce kada wanda ya taɓa, ginin gwamnati ne, ɗan kwangila na nan tafe. Ya ce a wani gari mutane sun yi gyaran kansu, katako ya faɗo kan yara, shi aka titsiye. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo ta wuce. Ɗan kwangila bai zo ba, kuma ban ga laifinsa ƙwarai ba, don hanyarmu yanzu ba kowa ke marmarin bin ta ba.

Mutanen gari suka yi fushi irin namu na Gobirawa: tunda an ce ba tamu ba ce, to ba tamu ba ce. Awaki suka mai da azuzuwa makwanci. Malamai suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, sai Malam Sani kaɗai, mutumin garin Isa, wanda ke zaune cikinmu da iyalinsa. Da safe yakan jera yara a inuwar bango, inuwa na matsawa suna matsawa, da hantsi ya ɗaga sai a tashi. Ana gobe za ni tafiya ya zo shagona ya zauna, ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

Ya ce, "Baba Tela, an ce mani akwai gurbi wata makaranta can Isa. In anka gama kaka ba mu da wurin zama, za ni komawa gida. Na gaji da tseren inuwa."

Ban ba shi haƙuri ba, don ba ni da abin da za ni ɗora haƙurin a kai. Na dai san in Malam Sani ya ɗaure kayansa, ba wanda za a ƙara turo mana, makarantar ta mutu ke nan. Da wannan nauyin na kama hanya.

Abin da ya fitar da ni suna ne. Ƙanwata Hurera tana aure a wani ƙauye cikin ƙasar Tsibiri ta Nijar, 'yarta ta haihu, ni kuwa na ɗinka kayan jariri da na mai jego na ƙulle a zane. Ranar kasuwa na bi ayarin motoci zuwa Sabon Birni, don yanzu ba mai fita shi kaɗai, kuma ba mai bari rana ta karkata yana hanya. A motar aka matse ni tsakanin buhunan barkono da mai su, wata Hajiya mai fatauci tsakanin kasuwanninmu da na Nijar. Duk motar atishawa ake, ita ko gezau. Ta dubi ƙullina ta ce, "Malam, hala ba ka taɓa ƙetarawa ba? Na ga ka riƙe kaya kamar za a hizge." Wani tsoho mutumin Alƙalawa da ke kujerar gaba ya juyo ya ce mata ta ƙyale ni, ai ba baƙunta za ni ba. Ya ce kakanninsu da na mutanen can daga gari ɗaya suka watse, iyakar nan jiya-jiya aka ja ta.

Daga Sabon Birni sai babur. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni ya rantse ya san hanyar kamar tafin hannunsa, kuma na yarda, don ya san duk inda yashi ya fi laushi, nan ya zaɓa ya kayar da mu. Na tashi ina kakkaɓe gemu, shi kuwa yana duba fitilar babur ɗinsa, bai ko tambayi ƙashina ba. A bakin gulbi muka sauka, na naɗe wando na ɗora ƙulli a ka, ruwa iya gwiwa. Takalmina ɗaya ya ga dama ya bi ruwa, sai da wani mai shayar da shanu ya taro mani shi da sanda.

Iyakar da nake ta jin tsoro ashe igiya ce a gicciye, da rumfa, da benci. Jandarman da ke zaune yana da tsage irin nawa sak, har na ji kamar madubi nake kallo. Ya sa na kwance ƙulli. Ya ɗaga 'yar rigar jariri da yatsu biyu, ya juya ta ciki waje, ya bi ɗinkin da ido kamar mai saye.

Ya ce, "Kai kay yi wanga?"

Na ce ni ne. Sai ya miƙe ya nuna mani aljihun rigarsa ta aiki da ya yage yana reto. Tela kuwa ba ya rabuwa da allura a jikin hula. Nan na zauna a bencin gwamnatin wata ƙasa na ɗinke aljihun jami'inta, shi yana tsaye da singileti yana tsare mota. Hajiya mai barkono ta iso ta same ni a haka, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ita shekara da shekaru tana wucewa ba a taɓa ba ta kujera ba.

La'asar ta same mu a wani gari bayan iyaka, aka ce in kwana. Wani mai goro ya ba ni zaurensa da tabarma, ya hana ni ko godiya mai tsawo. Tuwon gero da miyar kuka irin namu ne, ba bambanci. Abin da ya ba ni wuya burodinsu ne, dogo kamar sanda, bayansa da tauri, ni kuwa haƙorana sun fara neman hutu. Na tsoma shi a shayi na jira ya sauko. Shayin ma ba irin namu na kofi cike da madara ba ne. Ɗan mitsitsi ne mai ɗaci da kumfa, ana ba ka kana murna ka gama sai a sake ɗora buta. A nan na fara jin kalmar lakwal, wato makarantar boko, don mai masaukina yana ta faɗa wa 'ya'yansa su shirya, lakwal ta kusa komawa.

Da hantsi na isa garin su Hurera. Tun daga bayan gari na ga abin da ya tsayar da ni. Mutane ne a jere kamar tururuwa, kowa da dami a ka: wani karan gero, wani zana a naɗe, wani gwafa. Amalanken shanu na tafe da itace, mata na biye da tuluna. Duk wuri ɗaya suka nufa, wani fili gabas da gari. Kaina ya kumbura. Ina shiga gida, ko gama gaisawa ba mu yi ba, na ce wa Hurera, "Ashe haka kunka yi girma garin ga? Dut wanga rumhuna na sunan jikanyarki na?"

Hurera ta dube ni, ta dubi mijinta Ɗanjimma, sannan suka fashe da dariya tare. Ta ce, "Yaya, wane suna? Lakwal a ka ginawa. Kowace shekara in anka kai gero gida, haka mu kai."

Kunya ta sa na nemi abin fansa. Na gyara zama na ce ai mu tamu makarantar bulo ce da siminti, har da tagogin ƙarfe. Ɗanjimma mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "Madalla. To yanzu yaran suna ciki?" Na ɗauki kwanon fura na kafa kai, na daɗe ban sauke ba.

Al'adar garin ita ce ranar ginin lakwal kowane gida da daminsa, kuma baƙo ma ba a ɗauke masa. Ɗanjimma ya ɗora mani damin kara, na bi sahu ina tangaɗi. A filin na hangi wani mutum da riga da wando irin na ma'aikata, da tabarau, na ce ga mai wuri. Na je gabansa na rusuna da dami a kai, na ce ranka ya daɗe, ina za a ajiye? Shi ne shugaban malamai, direkta suke kiransa, Bazabarme ne da gwamnati ta turo daga can yamma mai nisa. Yana ganin tsagen fuskata ya washe baki, don tsakanin Zabarmawa da Gobirawa akwai wasan taubasai.

Ya ce, "Bagobiri da kaya a kai gaban Bazabarme, yau duniya ta daidaita. Tsaya haka in ƙara kallo."

Na ce masa in ya gama kallo ya zo ya karɓa, tunda bara ba ya barin ubangidansa da kaya. Muka yi dariya, sannan ya ce, "Gaskiya ni ba ni da iko da ko kara ɗaya a nan. Sai an gama an ce bisimilla, sannan in shiga da allina. Ga shugaba can, shi za ka tambaya."

Na juya. Wani Bafillace ne siriri, da malafa, da sanda a gicciye bisa kafaɗu, yana nuna wa samari inda za su haƙa rami. Sunansa Buba. Na ajiye damina inda ya nuna, na ja Ɗanjimma gefe na tambaye shi wa ya naɗa makiyayi shugaban makaranta a garin Gobirawa. Ya ce ba wanda ya naɗa shi. Taron gari ake kira, maza da mata, duk mai ɗa a lakwal a ba shi tsakuwa ɗaya. A jera tukwane bayan zana, kowane ɗan takara da tasa, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa inda ransa ya so, ba mai ganin hannunsa. Ya ce ƙanen maigari ma ya tsaya, tukunyarsa ba ta yi nauyi ba, ga shi can yana haƙa rami. Na duba, na gan shi kuwa, da babbar riga a naɗe a ƙugu.

Na ce to me Buba ya fi shi da shi? Ɗanjimma ya ce, "Kullum da sahe shi ka hwara wucewa ta gaban lakwal da shanunai. Malami ya zo, ya gani. Bai zo ba, ya gani. Kuma ɗiyanai na ciki, kuma ba shi jin nauyin hwaɗin abin da yag gani." Na tuna sandar maigarinmu a ƙofar masallaci.

Ban taɓa ganin aiki na tafiya kamar na ranar ba. Ana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to ranar na ga hannuwan gari guda a kan rufi ɗaya. Wasu na kafa gwafa, wasu na gicciya itace, tsofaffi na zaune suna tufka igiyar kaba, mata na zagayawa da ruwa da fura. Kowane aji ƙofa biyu ake bar masa, saboda gudun gobara. Wani mai shayi ya zo zai hura gawayi kusa, Buba ya kore shi har can gindin wata bedi mai nisa. Direkta ya gaya mani wuta ce abin da ke hana shi sakewa duk shekara, kuma ba wanda ke son kara don daɗinsa. Aji ɗaya na gini gwamnati ta yi musu, manyan yara ke ciki, sauran suna nan suna roƙo. Ya ce amma yaro ba ya daina girma don ana jiran siminti.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya faru ne bayan azahar. Ƙanen maigari ya fito daga rami, ya share gumi, ya ɗaga murya don kowa ya ji. Ya ce tunda su ke gina lakwal da ƙarfinsu, bana direkta ya ɗaga ɗansa zuwa aji na gaba, yaro ya yi tsawo, ya gaji da zama cikin ƙanana. Na ce a raina yau direkta ya shiga uku, baƙo a garin mutane. Amma ba shi ya amsa ba. Buba ne ya sauke sandarsa ya dogara.

Ya ce, "Alhaji, wagga ba gonarmu ba ta. Wa za shi gaba, wa za shi tsayawa, mi za a karanta, dut na direkta na da waɗanda sunka turo shi. Mu inuwa munka sani, da ruwa, da turo yara."

Alhaji ya yi 'yan gunaguni, ya ga ba wanda ya taya shi, ya koma raminsa.

Ba a jima ba sai ga sufeton makarantu a kan babur, mutumin gwamnati daga babban gari, har da jaka a rataye. Ya zagaya, ya girgiza gwafanni, ya duba ƙofofi biyu-biyu, ya sa aka faɗaɗa aji ɗaya don ya ce ya yi wa yara ƙunci. Ba wanda ya yi musu, nan take aka tuge aka matsa. Sannan ya ce a juya fuskar rumfunan su kalli hanya, su yi layi da ajin gini, zai fi kyan gani. Buba ya sake dogara sandarsa, da muryar nan dai da ya yi wa Alhaji magana.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, wagga kuma gonarmu ta. In sunka kalli hanya, iskar gabas cikin aji za ta kwana, kuma ga burtali nan, shanu na wucewa yara na kallo. Mu munka san iskar garin ga."

Sufeto ya dubi burtalin, ya dubi gabas, ya ce a bar su yadda suke. Daga nan, a gaban kowa, Buba ya gaya masa ƙaramin malamin da aka turo bara ya fi zama a birni da zama a aji. Sufeto ya ce ya ji, kuma zai dawo da amsa a taron gari. Sannan shi ma ya juyo ya ce wa Buba yaran ruga suna ɓacewa daga aji in rani ya yi an tafi neman ciyawa, wannan kuwa aikin shugaba ne. Buba ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne. Ni dai ina tsaye da igiya a hannu, baki buɗe. Shekaruna duka na ɗauka in talaka ya haɗu da na gwamnati, ko dai ya durƙusa ko ya yi tawaye. Ban san akwai tsayuwa ta uku ba sai ranar.

Da yamma Buba ya gayyace ni rugarsa a gefen gari, matarsa ta kawo nono mai sanyi a ƙwarya. Na zayyana masa labarinmu duka, rufin, da jami'in, da awaki, da Malam Sani. Ya saurara yana sassaƙa wani ɗan itace. Da na gama sai ya nuna mani layin gamba da ya raba gonarsa da ta maƙwabcinsa. Ya ce gona biyu in ba gamba a tsakani, ko dai a yi faɗa, ko kowa ya ja baya yana cewa ta wancan ce, har ciyawa ta cinye wurin. Ya ce mu na biyun ya same mu.

Sannan ya ce, "Tela, gini anka hana ku taɓawa. An hana ku inuwa?"

Damina biyu muna zaman fushi, ba wanda ya yi wannan tambayar a cikinmu, har ni da ake kira shugaba.

Washegari aka raɗa suna, kayan da na ɗinka suka sha yabo, Hurera ta yi ta nuna wa mata rigar da jandarma ya duba. Amma ni hankalina na filin gabas. Na sulale na je. An share, an yayyafa ruwa, yara sun cika rumfunan suna zaune a tabarmi, rana na shigowa ɗigo-ɗigo ta ramukan zana, ƙanshin sabon kara ya cika wurin. Direkta na gaban allo, suna amsa masa da murya ɗaya har ƙasa na amsawa. Jiya nan fili ne. Na tsaya a bayan zana ina saurare, na tuna yaranmu suna bin bango, hawaye suka zo mani, ban kuma hana su ba. Hurera ta so in ƙara kwana, na ce mata akwai kara a gonakinmu da shanu ke ci, sai na riga su.

Dawowa ba ta da labari, sai dai jandarman nan ya buga aljihunsa ya nuna mani ɗinki na nan daram. Ina isa gida na wuce wurin maigari da ƙurar hanya a ƙafata. Na gaya masa abin da na gani, har da tukwane da tsakuwa, na ce ni ma a jera mani tukunya in mutane sun ga dama su bar ta wayam. Ya ce wannan sai an yi shawara, amma kara ya yarda a tara. Mutane kuwa suka sa ni a baki. Wai mu da ginin siminti mu koma kara kamar masu gudun hijira, wai Tela ya sha shayin Nijar ya taɓu. Na ce da babu gara ba daɗi, na ci gaba da bi gida-gida. Mata ne suka fara kawo zana, sai mazansu suka ji kunya.

Ranar da muka sa ta zo daidai da ranar kasuwa, ranar ayarin motoci. Muna kafa gwafanni a gefen ginin, ba mu taɓa ko bulo ɗaya ba, sai ga Malam Sani yana turo babur ɗinsa. Ya riga ya tura iyalinsa gaba. Katifarsa na naɗe a baya, an ɗaure ta tamau da igiya. Ya tsaya nesa kaɗan yana kallonmu, ni ma ban iya zuwa wurinsa ba.

Sai ga jami'in nan kuma, wani ya kai masa labari. Ya sauka fuska a murtuke, ya ce wa ya ba mu izini? Na tuna sandar Buba, na dogara da gwafar da ke hannuna. Na ce, "Ranka shi daɗe, gininku na nan yadda kunka bar shi. Wagga inuwa ta, kuma tamu ta." Kafin ya amsa, wani dattijo cikinmu, wanda zafin aiki ya hau wa kai, ya ce ƙwarai kuwa, kuma tunda mu muka gina, daga yau mu za mu faɗi abin da za a karantar da wanda zai karantar, gwamnati ta kama gabanta. Na ji wasu na cewa haka ne.

Na juya na ce, "A'a, Baba. Wagga ba gonarmu ba ta. Malami nasu na, karatu nasu na, jarrabawa tasu ta. Mu dai mu ba shi inuwa, mu cika mai ita da yara, in bai zo ba mu hwaɗi."

Jami'in ya dube ni. Sannan ya jingine babur ɗinsa, ya shiga cikin rumfar, ya kama gwafanni yana girgizawa ɗaya bayan ɗaya. Ya sami ɗaya da gara ta ci, ya ce a canza ta yanzu. Muka canza ba musu. Ya ga ƙofa biyu, ya gyaɗa kai. Ya ce shi ba zai ce ya ba da izini ba, amma ba zai ce a rushe ba, kuma maganar rufi zai sake kai ta sama. Rana ta yi zafi a lokacin, sai ya jawo wani kututture ya zauna a cikin inuwar.

Saura zana ɗaya, ta gefen gabas, igiya ta ƙare mana. Samari biyu na riƙe da ita, iska na fizga, aka aika gida-gida ba a samo ba, don duk igiyar garin ta tafi ɗaurin dawa. Daga bakin hanya direban ayari ya fara danna ham, yana kiran masu tafiya. Na kasa duban inda Malam Sani yake.

Sai na ji motsi a bayana. Malam Sani ne ya durƙusa gefen babur ɗinsa yana kwance ƙulli da haƙori. Katifar ta warware ta faɗi cikin ƙasa, bai ko waiwaye ta ba. Ya zo ya ratsa mu, ya zura igiyar cikin zanar, ya ja, ya ɗaure ta a jikin gwafa, ya ƙara ƙulli a kan ƙulli. Ayari ya tashi yana ji.

Ya kakkaɓe hannunsa ya ce, "Baba Tela, gobe da sahe a turo su. Kuma a gaya masu ba tashi da hantsi."

Duk wanda ke shakkar labarin nan ya je gefen gabas na rumfar ya duba. Igiyoyinmu duka na kaba ne, ɗaya ce kawai shuɗiya ta roba, irin ta ɗaurin kaya, kuma har yau mai ita bai zo neman abarsa ba.